Ƙafar da Ta Kawo Ka Majami'a

Ɗan ƙanwata, wanda yake aji uku a Jami'ar Maiduguri, ya tare ni da tambaya ranar wata Lahadi da yamma, muna zaune gindin dogonyaro a ƙofar gida. Ya ce, "Kawu, wa'azin da na ji a wayata yau ya fi wanda kuka ji a majami'a. Na yi addu'a a ɗakina, baikona ma na tura ta banki. To me na rasa?" Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Na buɗe baki zan yi faɗa irin namu na tsofaffi, sai na ga faɗa kaɗai nake da shi, amsa babu. Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Kwana biyun ya zama watanni, ga amsar nan yanzu, gare shi da ku tsararrakinsa, 'ya'yana samari da 'yan mata na wannan gari.

Yawancinku kuna goye ko kuna firamare lokacin da zuwa majami'a a Maiduguri ya zama abin da mutum ke yin sallama da iyalinsa kafin ya fita. Ranar Asabar 18 ga Fabrairu 2006 aka yi tarzoma a kan zanen ɓatancin nan da aka buga a ƙasar Denmak, aka ƙone majami'u da dama a garin nan, aka kashe Fada Michael Gajere na ɗarikar Katolika a Bulumkutu. A watan Yuli 2009, cikin kwanakin da rikicin Boko Haram ya ɓarke, babbar majami'ar EYN ta Wulari ta tafi, ta Jajeri ma haka. Daren jajibirin Kirsimeti na 2010 aka far wa majami'ar Victory Baptist da ke Alamderi, aka kashe fastonta, Rabaran Bulus Marwa, tare da waɗansu 'yan ikkilisiya, aka kuma kai hari wata majami'ar COCIN a daren nan. Shekarar da ta biyo baya aka hana achaba a gari. A 2013 aka yanke layukan waya gaba ɗaya, wanda ya fita ba a jin labarinsa sai ya dawo da ƙafarsa.

Bari in nuna muku safiyar Lahadi ta waɗannan shekaru. Tun daga nesa an tare hanya da duroruka da buhunan yashi. Mota ba ta zuwa kusa, sai ka ajiye ta can ka tako. A bakin ƙofa layi biyu ne, na maza da na mata. Samarin ikkilisiya riƙe da sandar binciken nan mai ƙara, suna shafa jikin kowa, har dattijon da ya yi musu baftisma sai ya ɗaga hannuwa sama. An hana mata shigowa da jaka, don haka za ka ga uwa ta ƙulle kuɗin baiko a bakin zane, Littafi Mai Tsarki a hannu tsirara ba ko leda. A ciki kuwa, in taya ta fashe a titi, waƙa takan yanke tsakiyar baiti, idanu su koma taga. Sai wata tsohuwa daga cikin matan zumunta ta sake buga tulunta, sannan muryoyi su dawo ɗaya bayan ɗaya. Matata takan raba yara biyu, waɗansu su bi ta sujadar farko, waɗansu su bi ni ta biyu. Ba ta taɓa faɗa mini dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Da waɗancan mutane wa'azi mai daɗi suke nema, da sun zauna gida sun kunna rediyo. Wa'azin shekarun nan sau da yawa gajere ne, mai wa'azin kansa ido ɗaya a littafi, ɗaya a ƙofa. Abin da ya fito da su shi ne su ga wa ya rage, su kuma bari a gan su. In ka shiga ka tarar da maƙwabcin bencinka yana nan, ka san mako ya wuce lafiya. In babu shi, bayan an tashi sai a kama hanyar gidansa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Mu mun ga ranar da wannan magana ta tashi daga karin magana ta zama rajistar rayayyu.

Amma kada ku ɗauka ina cewa albarkar tana cikin bulo da kwano. Mu 'yan EYN ya kamata mu fi kowa sanin haka. Ranar 17 ga Maris 1923, da 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko ta ɗarikarmu a Garkida, gindin tsamiya suka yi ta, ba rufi ba bagadi. Bayan shekara 91, a ƙarshen Oktoba 2014, aka kori shugabannin ɗarikar daga hedikwatarsu a Kwarhi, ɗalibai da malamai suka watse cikin daji. Ɗaruruwan gine-ginenmu suka zama toka daga Gwoza zuwa Askira, daga Chibok zuwa Michika. Duk da haka Lahadi ba ta taɓa wucewa ba a yi sujada ba: a sansanin Minawao cikin Kamaru, a sansanin ƙungiyar Kiristoci ta CAN a nan Wulari, a zauren wani, a gindin wata bishiyar. Kalmar ikkilisiya kanta daga Helenanci ta zo, kuma taron jama'a take nufi. Lokacin da matar nan Basamariya ta tambayi Yesu a bakin rijiya ina ne wurin da ya cancanci a yi sujada, dutsen kakanninta ko Urushalima, sai ya ɗauke maganar daga kan wuri ya ɗora ta kan mai sujadar. Wuri kam ana iya ƙone shi, mun gani. Taruwar ce aka kasa ƙonewa.

To, in na tsaya nan, zan fita da rigata fara fes, ku kuma ku zama marasa godiya da suka gaji abin da ba su sha wahalarsa ba. Gaskiya ba ta yarda ba. Akwai abin da na yi da hannuna, cikin waɗannan shekaru na jarumtaka, wanda ya koya mini cewa mutum yana iya ratsa shingen sojoji bakwai ya zo majami'a, ya koma gida bai yi sujada ba.

Ƙarshen 2014 ne, gari ya cika da 'yan gudun hijira. Ni ne nake zaunar da mutane a majami'armu. Ranar ana godiyar wani babban mutum da ya sami ƙarin girma, an keɓe bencin gaba domin baƙinsa. Sai na hango wani tsoho ya riga ya zauna a can. Riga ɗaya ce a jikinsa, ta yi kalar ƙasa, silifas ɗinsa an ɗaure igiyar da waya. Na je na sunkuya na ce, "Baba, nan na baƙi ne, koma baya." Ya dube ni, ya nuna kunnensa, ya ce da Hausarsa mai nauyi irin ta mutanen dutse, ba ya ji sosai shi ya sa ya matso. Na ce akwai lasifika a baya. Ya tashi ba musu, ya ɗauki sandarsa, ya bi ta tsakiyar jama'a har ƙarshe, inda babu sauran wuri, ya zauna a kan dakalin ƙofa. Baƙin suka iso bayan an yi rabin sa'a da farawa, da manyan riguna da ƙamshin turare, na yi musu jagora ina murmushi. Ranar na rera kowace waƙa da ƙarfi, na ba da baiko sau uku, na tafi gida ina jin na yi wa Allah aiki.

Na san wasiƙar Yakubu sura ta 2 tun ina makarantar Lahadi. Na san tana magana a kan taron da ke ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ya tura matalauci ƙasa. Na koyar da ita ma. Sai ga shi na aikata ta kamar wasan kwaikwayo, ko gezau ban yi ba. Wannan shi ne hatsarin saba wa majami'a: kunne yakan yi kanta, kamar tafin hannun manomi.

Watanni bayan haka muka yi Jibin Ubangiji. Ku da kuka tashi a ɗarikarmu kun san yadda muke yi, ga sauran kuwa bari in faɗa. Kafin gurasa da ƙoƙo akwai wankin ƙafa, bisa abin da Yesu ya yi wa almajiransa a daren da aka bashe shi. Maza gefe guda, mata gefe guda. Ana kawo daro da ruwa da tawul. Ka durƙusa ka wanke ƙafar na kusa da kai, ka share, shi kuma ya juya ga na gaba. Ba ka zaɓar ƙafar da za ta faɗo maka. Ranar na makara saboda ina tsaron ƙofa, na shigo na cusa kaina inda na ga gurbi. Da daron ya iso gare ni na durƙusa, sai na ga silifas mai ɗaurin waya.

Ban taɓa kallon ƙafar mutum kamar yadda na kalli wannan ba. Dunduniyar ta tsage da faso mai zurfi, har ƙasa ta zauna ciki ta ƙi fita. Farcen babban yatsa ɗaya babu, wurin ya warke ya yi baƙi. Akwai tabon ƙaya a ko'ina. Daga baya na ji cewa daga bayan dutsen Gwoza ya taka zuwa cikin Kamaru, ya zagayo, ya shigo Maiduguri a bayan motar kaya, kuma shekara da shekaru shi ne mai buga ƙararrawar majami'ar ƙauyensu. Ruwan daron ya koma ja. Hannuna na rawa. Ina jira ya gane ni, ina kuma roƙon kada ya gane. Da na gama sharewa ya dafa kafaɗata ya ce, "Sannu, ɗana, Allah ya yi maka albarka." Har ya koma ga Ubangiji ban san ko ya tuna fuskata ba. Ban kuma sami ƙarfin halin tambayarsa ba, wannan ma wani laifin ne da nake ɗauke da shi.

Ga amsarka nan, ɗan ƙanwata. Wayarka tana ba ka mai wa'azin da ka zaɓa, da waƙar da ka zaɓa, in magana ta fara taɓa maka gyambo ka shafa yatsa ka wuce. Ba ta taɓa ajiye maka ƙafar da ba ka so a gabanka. A majami'a kuwa Allah yakan zaunar da kai kusa da wanda kuke bin juna bashi, da matar da ta yi gulmar uwarka, da yaron da ke kuka tun daga addu'ar buɗewa har albarka. Babur da Margi da ɗan Kibaku da Higi da ɗan Gwoza da Ibo mai shago a Kasuwar Monday, ga su a benci ɗaya, kowa na ganin kamar harshensa aka fi ji a sama. Mutum yana iya ƙaunar dukan duniya daga kan katifarsa. Ƙaunar wanda ya taka maka takalmi a layin baiko ita ce ke nuna ko wa'azin ya shiga. Ba na raina wayar. Mara lafiya da ke kwance, da soja a bakin daga, da ma'aikaciyar asibiti mai aikin Lahadi, ta yi musu rana. Amma wanda ke da ƙafa biyu da kuɗin keke napep, ya ce ɗakinsa ya ishe shi, ya zama kamar garwashin da aka zaro daga murhu aka ajiye shi gefe: zai yi ja na ɗan lokaci.

Na san kuma abin da ke korar waɗansunku, ba kuwa lalaci ba ne. Kun faɗa mini, na ji. Sanarwa ta fi wa'azi tsawo. Baiko ya zama huɗu, biyar, kowanne da sunansa. Ana kiran sunan wanda ya ba da dubu 500 a tafa masa, gwauruwar da ta ba da naira 100 ta sunkuyar da kai, alhali kuwa ita ce irin wadda Yesu ya nuna wa almajiransa a Haikali. Zaɓen dattawa yakan koma lissafin ƙabila. Waɗansu masu wa'azi, musamman irin na waya, sun mai da Allah kamar ɗan adashi: zuba yau, ka kwashe gobe. Nakan so in kai irin waɗannan sansanin 'yan gudun hijira, su tsaya gaban iyayen 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe ranar 14 ga Afrilu 2014, waɗanda yawancinsu 'ya'yan ɗarikarmu ne, su faɗa musu cewa rashin shuka iri ne ya jawo. Ko su kalli bidiyon Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda ya yi magana cikin natsuwa a hannun waɗanda suka kama shi kafin su kashe shi a Janairu 2020, su gaya mana wace irin nasara ce ba shi da ita. Kukanku yana kan hanya. Annabi Amos ma ya riga ku, ya faɗa wa Isra'ila cewa Allah ya gaji da bukukkuwa da kiɗe-kiɗensu muddin ana danne talaka a ƙofar gari. Sai dai shi Amos Betel ya je ya faɗa, wurin da ake taruwar. Gyaran gida daga ciki ake yi. In duk masu ido sun fice, wa aka bar wa majami'ar?

Akwai kuma wani abu da ya fi kuɗi ba ni tsoro, wanda ba mu cika faɗa a bagadi ba. Mutumin da aka ƙone masa majami'a yana iya sake gina ta da siminti mai kyau, ya kuma gina ƙiyayya tare da ita, bulo kan bulo. Na ji samari suna fitowa daga addu'ar dare suna magana a kan maƙwabtansu Musulmi da kalmomin da ba zan rubuta ba. Ku tuna garin da kuke ciki. Waɗanda suka kai mana hari sun tayar da bam a masallacin Molai-Umarari ana sallar asuba a watan Maris 2016, suka kashe fiye da mutum 20. A Janairu 2017 suka shiga masallacin cikin jami'arku, Farfesa Aliyu Mani yana cikin waɗanda suka rasu. Gawarwakin Musulmi da aka binne a Borno a wannan fitina ba su ƙirguwa. Ɗarikarmu kuwa tun daga tushenta a Jamus a 1708 an san ta da ƙin ɗaukar makami da neman salama. Cikin Bisharar Matta, Yesu ya umarci mai kawo baiko da ya tuna akwai saɓani tsakaninsa da wani, ya dakata da baikon ya je ya shirya tukuna. Bai ce sai in kai ne mai laifi ba. Ba na cewa yafewa abu ne mai sauƙi. Na san matan da har yau ba sa iya bi ta wasu unguwanni, ba zan kuma ɗora musu kaya ba. Amma ku da ba ku ga abin da suka gani ba, kada ku ari fushin da ba naku ba ku yi ado da shi.

Ruwan Alau ya tuna mana wannan. Daren 10 ga Satumba 2024 da madatsar ta ɓalle, ruwa bai tsaya tambayar suna ba. Ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga babbar majami'ar Katolika ta St. Patrick. A unguwarmu wani Bakanuri mai sayar da itace ne ya goya surukata a bayansa ya haye da ita. Lahadin da ta biyo baya ba a yi wani dogon tsari a majami'armu ba. Aka yi addu'a gajeruwa, aka karanta zabura guda, sannan kowa ya naɗe wando ya ɗauki shebur. Na ga 'yan kwayar da kullum nake musu faɗan gajeren siket da askin banza suna kwashe laka daga ɗakunan mutanen da ba su taɓa taka majami'a ba, har rana ta faɗi. Na ji kunyar waɗansu maganganun da na sha yi a kansu.

Don haka in za ku zo, ku zo da wuri. Minti goman nan kafin mawaƙa su fara, lokacin da babu abin da ake ji sai jan benci, yana da amfanin da ban san shi ba sai da na tsufa: zuciya tana bukatar a kakkaɓe ta kafin a zuba mata wani abu. Ku kashe wayar, ba don fasto na gani ba. Ku da kuka saba da sujadar Turanci, ku riƙa leƙa ta Hausa ko sau ɗaya a wata, can ne tsofaffi da 'yan gudun hijira suke, can ne kuma ake karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka sha wahala a kan fassararsa ta farko har ya fito cikakke a 1932. Ku canza benci. Ku lura da wanda bai zo ba, ku bi sahu. Sannan ran Litinin, in kai mai awo ne, mudunka ya zama ɗaya ga Kirista da Musulmi, in ke ɗaliba ce, takardar jarrabawarki ta zama da hannunki aka rubuta. Maƙwabtanmu ba sa shiga su ji waƙarmu. A nan suke karanta mu.

Ɗan ƙanwata ya zo Jibin Ubangiji na watan jiya, ban kira shi ba. Na hango shi a layin maza ya cire takalmansa farare ya ajiye su nesa da daro don kada su jiƙe. Wanda ya faɗo masa wani ɗan dako ne daga tashar Bama. Ya daɗe a durƙushe fiye da kowa, yana cuɗa tsakanin yatsu kamar mai wanke kwano, har na bayansa suka fara gyaran murya. Da muka fito na yi niyyar tambayarsa yadda ya ji, sai ya riga ni. Ya ce, "Kawu, tawul ɗin nan naku sun tsufa, guda nawa ake bukata?"